Yadda Ake Kai Iyali Tsibirin Gore Daga Dakar a Jirgin Ruwa

Mutanenmu ba baƙin Senegal ba ne. Duk shekara ana tururuwa zuwa Kaulaha ziyarar Shehu Ibrahim Inyass, wasu kuma kasuwanci ko taro ke kai su Dakar. Amma da yawa sukan shiga su fita ba su taka Gore ba, alhali tsakaninsa da tashar jiragen ruwan Dakar kimanin kilomita 3 ne, tafiyar minti 20 a jirgin fito. Ɗan tsibiri ne da tsawonsa bai kai kilomita ɗaya ba, mazaunansa ba su kai 2,000 ba, kuma babu mota ko ɗaya a cikinsa. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya tun 1978 saboda alaƙarsa da cinikin bayi.

Tafiyar ba ta da wuya. Abin da ke ɓata ta shi ne rashin tsara lokaci. Jirgi ba ya jiran kowa, Gidan Bayi, gidan tarihin da kowa ke zuwa dominsa, yana rufewa da tsakar rana, kai kuma kana tafe da yara da wataƙila dattijuwa mai ciwon gwiwa. In ka daidaita waɗannan abubuwa uku, saura duk mai sauƙi ne.

Mataki na 1: Takardu da kuɗi, tun daga gida

Ɗan Najeriya ko Ghana ba ya bukatar biza don shiga Senegal, saboda yarjejeniyar ECOWAS. Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, don haka mai fasfon Nijar ya tambayi ofishin jakadancin Senegal ko kamfanin jirgin sama halin da ake ciki kafin ya biya kuɗin tikiti. Kowane yaro da nasa fasfon, har jinjiri. A haɗa da katin allurar shawara na kowa da kowa, a sa su jaka ɗaya a hannun mutum ɗaya. Fasfon nan zai sake yi maka amfani a bakin ruwa, kada ka bar shi a masauki ranar fito.

Kuɗin Senegal sefa ce, irin ta Nijar sak, don haka mutumin Maraɗi ko Damagaram ba ruwansa da 'yan canji. Mai naira kuwa ya canza tun a gida, a Wapa ko duk inda ya saba, domin naira ba ta da kasuwa a Dakar. Ka nemi ƙananan takardu, na jaka ɗaya (sefa 1,000) da jaka biyu, da 'yan silalla. A tsibirin, in ka miƙa wa mai sayar da ruwa takardar jaka goma sai an zagaya rumfa uku ana neman canji.

Ka tuna agogon Senegal yana bayan na Najeriya da Nijar da awa ɗaya. Waya takan gyara kanta, agogon hannun Baba ne ba ya gyaruwa sai an murɗa shi.

Mataki na 2: Zaɓen wata da rana

Daga Disamba zuwa Afrilu Dakar na da sanyi mai daɗi da iskar teku, ba ruwan sama. Damina tana faɗuwa daga Yuli zuwa Oktoba, da zafi mai gumi, kuma teku ya fi motsi. Mai yara ƙanana ya zaɓi lokacin sanyi, amma ya ɗauko musu rigunan sanyi, domin iskar saman jirgi da safe tana ratsa jiki.

Game da rana, Litinin a cire ta: bisa al'ada Gidan Bayi ba ya buɗewa ranar. Asabar da Lahadi mutanen Dakar da kansu suke cika jirgin zuwa shan iska. Talata, Laraba ko Alhamis sun fi. Ko a ranakun nan za ka iya cin karo da ayarin 'yan makaranta da malamansu, musamman dab da ƙarshen shekarar karatu, amma cunkoson bai kai na ƙarshen mako ba. Juma'a ma tana yiwuwa, sai dai sallah ta raba maka ranar biyu.

Kada ka sa Gore a ranar da jirginka na komawa gida zai tashi. Filin jirgin saman Blaise Diagne, wanda aka buɗe a Disamban 2017, yana can Diass, kusan kilomita 50 daga tsakiyar birni, kuma cunkoson motocin Dakar da yamma ba abin wasa ba ne. Haka wanda ya taso daga Kaulaha, tafiyar kusan kilomita 190, ya kwana a Dakar tukuna. Yaron da ya wuni a mota ba ya jin daɗin jirgin ruwa.

Mataki na 3: Abin da za a ɗauka

Jaka ɗaya ta goyo ta isa. Ruwan sha na roba, hula ko lema, sallaya marar nauyi, kayan canji na yara da tawul domin sai sun jiƙe, da ledoji biyu ko uku saboda mai amai. Takalmi shi ne babba. Titunan Gore yashi ne da duwatsu, hawan tudun kuma yana da santsi a wasu wurare, don haka takalmi mai tsini ya zauna a masauki. Keken tura jariri ma wahala zai zame muku a cikin yashi, zanin goyo ya fi shi sau goma.

Wanda bai taɓa shiga jirgin ruwa ba ya ci abu marar maiƙo da safe, kada ya cika ciki kuma kada ya fito da yunwa. Ɗan guntun citta ko lemun tsami a aljihu yana taimaka wa mai tashin zuciya. In akwai wanda mota ma takan sa shi jiri, a nemi shawarar likita kan magani tun kafin tafiya, musamman in yaro ne ko mai juna biyu.

Mataki na 4: Zuwa tashar jirgin

Tashar tana cikin harabar tashar jiragen ruwan Dakar, a gefen unguwar Plateau, dab da tsohuwar tashar jirgin ƙasa inda jirgin TER, mai zirga-zirga tsakanin Dakar da bayan gari, ke tsayawa. Tasi a Dakar launin rawaya da baƙi ne, kuma ana yin ciniki kafin a shiga. Ka ce wa direba "ambarkadar Gore", zai gane. A allunan hanya za ka ga an rubuta Gorée.

Kwana ɗaya kafin tafiyar, ka sa mai masaukinka ya binciko maka jadawalin jirgi na ranar, ko ka leƙa da kanka ka ɗauki hoton allon da wayarka. Jirgi na tashi tun da sassafe har dare, tsakanin wannan da wancan awa ɗaya zuwa biyu, kuma jadawalin Lahadi da ranakun hutu ya bambanta da na sauran ranaku. Ka nufi jirgin da zai sauke ku a tsibirin wajen ƙarfe goma na safe ko kafin haka, kuma ku isa tashar da saura aƙalla minti 40.

A taga za a nemi shaidar kowa. Farashi hawa-hawa ne: mazauna Senegal sun fi kowa rangwame, sai sauran 'yan Afirka, sai baƙin wasu nahiyoyi, yara kuma nasu ya fi sauƙi. Fasfonka ne zai sa a caje ka kuɗin ɗan Afirka, ka miƙa shi tun kafin a tambaye ka. Tikitin na zuwa da dawowa ne, a adana shi.

Ga abin da ba na sassautawa a kansa. In wani ya tare ka a wajen tasha ko a wani bakin ruwa ya ce zai ƙetarar da ku a kwalekwale da araha, ko don kun makara, ka ce masa albarka. Hanyar nan mashigar manyan jiragen dakon kaya ce, igiyar da suke tayarwa kaɗai ta isa ta kifar da ƙaramin kwalekwale. Mu da muke jin labarin kifewar jirage a Kebbi da Neja duk damina bai kamata a yi mana dogon bayani ba. Su ma mutanen Senegal suna da nasu tabon: jirgin Joola da ya nutse a watan Satumban 2002, ya ci rayuka sama da 1,800, kuma lodi fiye da kima na cikin manyan dalilan. Jirgin hukuma kaɗai za ku shiga, in ya wuce ku jira na gaba.

Mataki na 5: A cikin jirgi

Jiragen da aka sani a wannan layi biyu ne, Coumba Castel da Beer. Kowanne yana da ɗaki a ƙasa mai kujeru da tagogi, da kuma sama inda iska ke kaɗawa. Wajen shiga, babba ɗaya ya wuce gaba, yara a tsakiya, babba ɗaya a baya. Ƙaramin yaro a ɗauke shi a hannu, domin jirgin yana ɗan motsi kuma akwai rata tsakaninsa da gada. Dattawa a ba su hannu, a bar masu gaggawa su wuce.

Da kun zauna, ka duba inda rigunan kariya daga nutsewa suke, ka nuna wa uwargida da manyan yara. Sannan ka raba aiki da suna: wane yana hannun wane. "Kowa ya sa ido" ba tsari ba ne, a haka yaro ke sulalewa ya je ya leƙa ta kan ƙarfen gefe. Mai jin jiri ya zauna a tsakiyar jirgi inda lilo ya fi sauƙi, ya kafa ido can nesa inda ruwa ya haɗu da sama, ya ajiye waya. Hajiya da jarirai sun fi samun natsuwa a ƙasa. Manyan yara kuwa ka hau da su sama, domin abin kallon yana can: manyan ƙugiyoyin sauke kwantena, jiragen kamun kifi, sai birnin yana ja da baya.

Tun kafin jirgi ya bar gada, wata mata mai fara'a za ta zauna kusa da uwargida, ta tambayi sunanta da ƙasarku, ta faɗi nata sunan, ta ce tana da shago a tsibirin, a yi mata alkawarin za a leƙo. Ba damfara ba ce, haka suke kasuwancinsu. Amma fa ba ta mantuwa. Awa huɗu bayan haka za ku ji an ƙwala sunan uwargida daga wani lungu, ana tuna mata alkawari. In ba ku da niyya, murmushi da "sai mun gani" ya fi alkawari. Akwai kuma samari masu sayar da 'yan ƙwallaye biyu da aka ɗaure da igiya, suna kaɗa su suna ba da sauti. Ka sani in ka saya wa yaro ɗaya, sai ka saya wa duka, kuma da wannan kiɗan za a koma gida.

Dab da isa, za ka ga jirgin bai nufi gada kai tsaye ba, ya yi kwana ya zagaya wata alama da ke yawo a kan ruwa. A ƙarƙashinta akwai gawar wani jirgi, Tacoma, da ya nutse a 1940 lokacin da sojojin Ingila da na Janar de Gaulle suka kai wa Dakar hari a Yaƙin Duniya na Biyu. Daga nan sai ganuwar Estrées mai siffar da'ira ta bayyana, sai gidaje masu launin ja da rawaya da jan rufi, sai ɗan bakin ruwa da kwalekwale a jere.

Mataki na 6: Da saukarku

Kada ku yi rububin fita. Samarin tsibirin sukan yi iyo a gefen jirgi suna kira a jefa musu silalla su nutsa su ɗauko. Yara za su so tsayawa kallo a bakin gada, a riƙe hannunsu.

Akwai ɗan harajin shiga da baƙi ke biya wa ƙaramar hukumar tsibirin a wata taga kusa da wurin sauka. Ka biya ka karɓi rasit. Kafin ku bar wurin, ka sake duba lokutan jiragen komawa, ka zaɓi naku, ka kuma nuna wa kowa inda za a haɗu in an rabu. Gadar nan ita ce ta fi dacewa, ba mai ɓata ta.

Sai batun ɗan jagora. Tsibirin bai kai a ɓata a cikinsa ba, amma mai bayani yana ƙara wa yawon armashi. Ka ɗauki mai katin shaida, ku gama magana kan kuɗi da tsawon lokaci da harshen da zai yi bayani kafin a ɗaga ƙafa. Faransanci da Wolof ne harsunan wurin, akwai masu Turanci, kuma wanda ya iya Fulatanci zai sami masu Pulaar da za su fahimci juna da ɗan ƙoƙari. Sallama dai iri ɗaya ce da tamu. Ka ƙara da "nanga def" wajen gaisuwa da "jerejef" wajen godiya, za ka ga fuska ta sake.

Mataki na 7: Gidan Bayi kafin komai

Ku nufe shi kai tsaye, tafiyar 'yan mintuna ce daga gada. Yana buɗewa da hantsi, ya rufe da tsakar rana, ya sake buɗewa bayan azahar. Wanda ya tsaya ɗaukar hoto da cinikin tsaraba zai tarar an rufe ƙofa, ya zauna jiran awa biyu da yara masu yunwa.

An gina gidan wajen 1776, na wani iyalin attajirai ne masu suna Pépin, 'yan ruwa biyu, Faransa da Afirka. An mayar da shi gidan tarihi a 1962, kuma Boubacar Joseph Ndiaye, wanda ya kula da shi har rasuwarsa a 2009, shi ya sa duniya ta san shi. Da ka shiga tsakar gidan za ka ga matakala biyu masu lanƙwasa, ɗaya dama ɗaya hagu, suna hawa bene inda masu gida ke zama. A ƙarƙashinsu ɗakuna ne ƙanana masu duhu, an rubuta a saman kowanne: maza, mata, yara, 'yan mata. Akwai ɗakin awo, akwai wani kurkuku a ƙarƙashin matakala na masu taurin kai, wanda babba ba ya iya miƙewa tsaye a ciki. Tsakanin matakalan biyu wani siririn lungu ya miƙe zuwa ƙofar da ke kallon teku, wadda ake kira ƙofar tafiya ba dawowa. A saman bene an ajiye mari da sarƙoƙi da bindigogin zamanin. Nelson Mandela ya zo nan a 1991, Fafaroma John Paul na Biyu a 1992, Barack Obama da iyalinsa a 2013.

Masana tarihi sun yi saɓani kan yawan bayin da suka bi ta wannan gida, har ma ta Gore gaba ɗaya. Da yawansu na ganin adadin bai kai abin da masu jagora kan faɗa ba, kuma tashoshi irin su Ouidah da Bonny da Luanda sun fi shi fitar da mutane nesa ba kusa ba. Wannan bai rage wa wurin komai ba a ganina. An tsare bayi a tsibirin, an sayar, Turawan Fotugal da Holan da Ingila da Faransa sun yi ta karɓe shi daga hannun juna tun bayan zuwan Fotugal a 1444, kuma Faransa ba ta haramta bauta a yankunanta har abada ba sai 1848. In babban yaronka ya tambayi adadi, ka gaya masa gaskiya cewa ana gardama a kai.

Yara 'yan ƙasa da shekara bakwai ba lallai su shiga ɗakunan ƙasa ba. Duhu ne, ga matsi, wasu manya ma kuka suke yi. Babba ɗaya ya zauna da su a tsakar gida, a yi canji. Manyan kuwa a shirya su tun a jirgi da magana mai sauƙi: za mu ga inda aka tsare mutane irinmu aka sayar da su. A ja musu kunne kan dariya da guje-guje, domin wasu baƙin daga Amurka da Brazil da tsibiran Karebiyan suke, kakanninsu suka zo tunawa. A bakin ƙofar tekun kuma a riƙe yaro gam, duwatsu ne da ruwa a ƙasa.

Mataki na 8: Abinci, sallah, sai tudu

Gidajen abinci suna jere a fuskar gada. Ku nemi cebujen, shinkafa da kifi da kayan lambu, abincin da UNESCO ta sa cikin al'adun duniya a 2021. Akwai yassa, kaza ko kifi da albasa da lemun tsami, akwai mafe, miyar gyaɗa, wadda yaranmu ba sa ƙi. Abin sha kuwa bisap, zoɓo ne, da buy, wanda ake yi da garin 'ya'yan kuka. Ka tambayi farashi kafin a zuba, ka kuma yi oda da wuri, girkin ba ya sauri. Wasu gidajen suna sayar da giya saboda baƙi, wanda bai son zama a irinsu ya duba kafin ya zaunar da iyali.

Masallacin tsibirin yana gindin tudu a bakin teku, ginin dutse ne na 1890, yana cikin tsofaffin masallatan dutse na ƙasar. Nan za a yi azahar. Mata su tambayi inda ake ba su wuri.

Bayan an huta sai hawa Castel, tudun da ke kudancin tsibirin. Hanyar ta ratsa tsakanin itatuwan kuka, masu zane sun baje hotuna dama da hagu, wasu suna yin zane da yashi kala-kala a gabanka, abin da ke tsayar da yara cak. A sama akwai manyan igwa na Faransawa da ramukan soja, ana kuma hango Dakar gaba ɗaya. Gefen tudun gangare ne mai tsayi zuwa ruwa kuma ba ko'ina ke da shinge ba, ba wurin sakin yaro ba ne. Dattijon da gwiwa ke damu ya zauna a inuwa a ƙasa da shayinsa, bai yi asarar komai ba.

In da sauran lokaci, ku shiga ganuwar Estrées, ginin shekarun 1850 da yanzu gidan tarihin Senegal ne. Mutanen Nijar kuma su sa a nuna musu ginin tsohuwar makarantar William Ponty, wadda ta zauna a tsibirin daga 1913 zuwa ƙarshen shekarun 1930. Nan Boubou Hama da Diori Hamani suka yi karatun malanta, haka Modibo Keita na Mali da Houphouët-Boigny na Kodebuwa sun bi ta cikinta. Shi ma Blaise Diagne da aka sa wa filin jirgi sunansa haifaffen Gore ne, a 1872, kuma shi ne baƙar fata ɗan Afirka na farko da aka zaɓa majalisar dokokin Faransa, a 1914.

Mataki na 9: Ruwa, tsaraba da komawa

Ɗan bakin ruwan da ke gefen gada ba shi da igiya mai ƙarfi, shi ya sa yara ke cika shi. Yaron da ya tashi a Kano ko Tawa bai san teku ba, kuma ba ya tsoron abin da bai sani ba. Iyakarsa gwiwa, babba yana tsaye a cikin ruwan kusa da shi, ba a kan yashi yana waya ba. In jirgi na shigowa ko fita, kowa ya fito.

Tsaraba a bar ta ƙarshe don kada a wuni ana dakonta. Farashin farko na baƙo ne, a taya cikin raha, kuma yawancin kayan akwai su a kasuwar Sandaga ko Kermel a Dakar da sauƙi. Abin da ya cancanci saye a nan shi ne zanen yashi da aka yi a gabanku. Gidajen da kuke wucewa kuwa mutane ne a ciki, a nemi izini kafin a ɗauki hoton mutum ko a leƙa tsakar gida.

Ku nufi jirgin la'asar, kada ku jira na magariba da kowa ke rububinsa, na ƙarshe kuwa kada ma ya shiga lissafinku. Ku isa gada da saura minti 30, a canza wa yara kaya, a kai su bayan gida, a ƙirga kai kafin a shiga layi, a sake ƙirgawa bayan an zauna. Wanda yake son kwana, akwai ƙananan masaukai a tsibirin, amma ɗakunansu kaɗan ne, sai an kama tun kafin a zo. Da kun sauka a Dakar, masu tasin da ke bakin ƙofar tasha sukan tsuga kuɗi. Ku taka kaɗan zuwa babban titi wajen tashar jirgin ƙasa, ku tsayar da wata a can.